Yadda Aka Ciyar da Ƙwarya Har Ta Mutu

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ruwa bai kafa masa turke ba, ya zuba rai a cikin ɗigo kamar yadda ya zuba shi a cikin giwa. Ku matso ku ji, ku na kan tabarma da ku na bakin zaure. Ni ne Nomau ɗan Arzika, mutumin Kwarin Dundu, inda ƙasa take baƙa, dawa take wuce kan mahayin raƙumi. Na taka ƙasashe, na hau ruwaye, na ga abin dariya na dara, na ga abin kuka na share ido na wuce. Amma abin da na gani a tsibirin Ƙwarya, har yau in na tuna shi abinci fita raina yake yi. In kun ji muryata ta tashi, ku yi mini haƙuri, ba da ku nake ba.

Tambaya ce ta fitar da ni daga gida. A garinmu duk ruwan da aka bari ya zauna, sai ya yi gansakuka. Wani matafiyi ya sauka a zaurenmu ya ce a ƙarshen duniya akwai tekun da ba ta taɓa yin kore ba, kuma a bakinta akwai wata Malama Kyallu mai madubin da ke nuna mazauna cikin ɗigon ruwa. Na ce masa ƙarya yake yi. Ya ce in je in gani. Ni kuwa ba a faɗa mini haka in zauna, sai na ɗaure ƙunshina.

Na ratsa Dajin Gishiri, inda itatuwa ke zubar da gishiri a madadin ganye. Na bi Kogin Koma-baya, wanda da safe yake gangara gabas, da la'asar ya tuna ya yi mantuwa ya juyo. Daga bakinsa na shiga jirgin fatake, iska ta kai mu gaban wani dutse fari fat a tsakiyar ruwa. Na ɗauka ƙanƙara ce, sai da muka matso hancina ya gyara mini zato. Dutsen Tsuntsaye ke nan, kashin tsuntsu ne tsagwaronsa, ya taru tun zamanin kakannin kakanni, tsuntsayen kuwa in sun tashi tare sai rana ta ɓace.

Mai dutsen wani ƙato ne, murya kamar ana buga ganga, ya yi arziki da sayar wa manoman ƙasashe taki. Sunansa na yanka Haladu, amma kowa Cikaƙara yake ce masa, domin kalmar da ba ta barin bakinsa ke nan. Baƙo bai isa ya sauka a gidansa ya ce ya ƙoshi ba. A kawo tuwo, a kawo dambu, a kawo ƙwai cikin kwando, kana ɗaga hannu yana cewa, “Haba malam baƙo, ci ka ƙara!” Na ga wani ɗan aike da ya zo isar da saƙo shekarun baya, yana nan zaune a ɗaki, ƙofar da ya shiga ta yi masa kaɗan. Da na ga haka na fara neman dabarar tsira.

Washegari da aka jero akusa, sai na naɗe hannu na sunkuyar da kai.

Cikaƙara ya ce, “Lafiya, malam baƙo?”

Na ce, “Allah ya ƙara arziki, bakance ne na tuna. Na yi alkawarin azumi, ba zan ƙara sa komai a baki ba sai na wanke fuskata da ruwan Ƙwarya a gaban Malama Kyallu.”

Na san ba zai iya kwana da mai azumi a ƙarƙashin rufinsa ba, sunansa zai ɓaci. Na yi daidai, nan take ya sa aka shirya mini kwalekwale da matuƙa. Abin da ban zata ba shi ne yadda fuskarsa ta sauya. Ya raka ni bakin ruwa, sai da zan shiga ya riƙe hannuna.

Ya ce, “Tsohuwata ce. Ni ne ɗanta na fari. Kai ma ka san al'ada, gwaggona ta raine ni. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ba ta taɓa ɗaga ido ta dube ni ba. Ka gaya mata ina tafe, da abin da zai sa ta ɗaga kai.”

Na san al'adar mana, a Kwarin Dundu ma haka muke. Na ce masa zan isar.

Da muka shiga Tekun Garau na tabbatar matafiyin nan bai yi ƙarya ba. Ruwa shuɗi, garau, har kana ganin inuwar kwalekwalenka tana bin yashi can ƙasa. Tsibirin kansa zobe ne na dutsen murjani, ya kewaye wani babban ruwa da suke kira Ƙwarya, a nan suke yin su. A gefe guda akwai ƙaramin ruwa da katangar murjani ta raba shi da babban, suna ce masa Ƙoƙo, ba a shigarsa sai ta wata 'yar ƙofa, ita ma sai teku ta cika. Mutanen ba su da ƙiba, ba su kuma da rama. Kifinsu kaɗan ne, amma bai taɓa yanke musu ba.

Malama Kyallu gajeriyar tsohuwa ce mai kaifin harshe, ita ce babbar masaniyar ƙasar, har Sarkin Ruwa Makau sai ya tube takalmi yake shiga gidanta. Tsakar gidan cike yake da randuna a jere, kowace da murfinta. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Duk wannan tafiya don ɗigon ruwa? Lallai ba ka da aikin yi a gida. Zauna.”

Ta ɗebo ruwan Ƙwarya da tsinke, ta ɗiga a kan wani farin dutse mai sheƙi, ta miƙo mini madubin. Bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, an dasa shi a bakin ƙahon akuya. Na sa ido, salati ya kuɓuce mini. Gari ne a ciki, da masu tafiya, da masu juyi, da masu zaman shan rana.

Ta ce, “Ƙananan nan masu launin ganye su ne 'yan kore. Rana suke ci, su saki numfashi a cikin ruwa. Waɗanda suka fi su ƙanƙanta, da kyar kake ganin motsinsu, 'yan shara ne. Duk abin da ya mutu su ke cinye shi, amma numfashin ruwan suke sha suna aikin. Ga 'yan tsalle can masu ƙaho biyu, su ke kiwo a kan sauran. Kifi ya ci su, mu mu ci kifi.”

Na daɗe ina kallo. Sai jinin manoma ya motsa mini, na ce, “Allah ya gafarta Malama, ai garin nan ba mutane, gida nan gida can. A wurinmu gona irin wannan taki ake zuba mata.”

Ta yi dariya ta ce, “Kowane baƙo haka yake cewa. Taso.”

Ta buɗe wata randa, ruwan yana nan garau. Ta ce tokar ƙashi kaɗai ta zuba, 'yan shara sun fi saurin hannu suka wawashe, 'yan kore ma raguwa suka yi. Wadda ta sa wa ruwan rake ta yi fari kamar farau-farau, 'yan shara sun cika ta sun hana kowa sakat. Sai ta nuna mini wadda ta sa wa kashin tsuntsu ɗan abin da farce zai ɗauka. Ruwan ya yi ɗan kore mai kyau, da na duba da madubi, 'yan tsalle duk suna ɗauke da ƙwai.

Na ce, “To ai ga maganata!”

Ta ce, “Buɗe waccan ta lungu. Ita cikin tafi na zuba mata.”

Na ɗaga murfin, na sake shi ya faɗi. Ruwa baƙi ƙirin, da warin ruɓaɓɓen ƙwai.

Ta ce, “Talakawan ruwan nan sun saba da kaɗan, sun iya juya shi a tsakaninsu, ba abin da ke zuba ƙasa. In ka juye musu da yawa, ba su ke ci ba. Wasu ƙattin kore ne masu sulke ke tasowa, da ma suna nan ɗai-ɗai suna jira. Su haɗa sarƙa, su tare rana, 'yan tsalle ba sa iya haɗiye su. In abincin ya ƙare su mutu gaba ɗaya, 'yan shara su taru a kan gawarsu, su shanye numfashin ruwan tas. Abin da ya rage shi ne ka shaƙa.”

Sai a lokacin na tuna da saƙo. Ina ambatar Dutsen Tsuntsaye tsohuwar nan mai baki ta kau da kai. Ta juya tana gyara murfin da ba abin da ya same shi.

Can ta ce, “Wancan yaron? Yana lafiya?”

Na ce lafiyarsa ƙalau, yana tafe. Ta ce Allah ya kawo shi lafiya, ta shige ɗaki.

Na zauna a gidanta ina koyon kallon ɗigo har iska ta juya. Wata safiya aka wayi gari jirage sun cika bakin Ƙwarya, kowanne ya nutse har wuya da farin kaya. Warin ya riga su isowa. Gari ya fito, Cikaƙara ya tsaya a kan jirgin gaba ya buɗe murya.

“Jama'ar Ƙwarya! Na bar ku kuna tsotsar ƙayar kifi, na je Allah ya buɗa mini. Takin nan ya mai da fako gona a ƙasashe da dama. Yau na kawo wa tekun tsohuwata abinci, kyauta, ta ci ta ƙara!”

Mata suka rangaɗa guɗa. Yana magana idonsa na yawo cikin taro. Malama tana can baya, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na kutsa na same ta, na ce, “Malama, kin ji abin da zai yi. Ki yi magana!”

Ta ce, “Da wa?”

“Da ɗanki mana!”

Ta ce, “Kul, ɗan nan! Ka san abin da kake faɗa? In tsaya gaban ɗan fari, a cikin mutane, in mayar masa da kyauta? Je ka ɗauki randar lungu ka kai masa. Yana da hanci.”

Na ɗauki randar a ka, ina tafe ƙudaje na bina, na hau jirginsa na dire ta. Na zayyana masa duk abin da na koya, ƙattin kore da 'yan shara da numfashin ruwa. Ya leƙa, ya toshe hanci, ya bushe da dariya.

Ya ce, “Malam baƙo, wannan randa ce, waccan kuwa teku.” Sai ya rage murya. “Ita ta aiko ka? In ba ta so, ta fito ta ce, ‘Wane, ba na so.’ Wallahi in juya da jiragen nan in zubar da kayan a bayan duniya. Amma ba zan karɓi maganarta a bakin baƙo ba. Na gaji da karɓa a bakin mutane.”

Na koma na gaya mata, kalma da kalma. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta, amma ba ta tashi ba. Na ruga wajen Sarkin Ruwa Makau, na tsuguna na ce, “Ranka ya daɗe, kai ke da ruwan nan. Ka hana.”

Ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Na sani, baƙo. Na shaƙi randar nan tun kafin ka zo. Amma ɗanmu ya ɗauko alheri ya ƙetaro teku da shi, in tare shi in ce ba ma so? Da wane baki? A yi masa kara. Wataƙila Allah ya kiyaye.”

Kara! Ni ma ɗan kara ne, kada ku ɗauka a daji na tashi. Na sha cinye tuwon da ba na so don kada mai gida ya ji kunya, na sha yabon rigar da ba ta yi kyau ba. Amma cikina ne, idona ne. Wannan kuwa abincin gari guda ne, da na 'ya'yan da ba a haifa ba, kuma manyan garin sun san abin da zai biyo baya sarai. Da jahilci ne da na yi musu uzuri. Suna sane, suka jera a bakin ruwa suna cewa madalla, suka ba matuƙan jirgi tukwici, wasu ma suka tuɓe riga suka taya juyewa.

Ƙwarya ta yi fari, sannan ta fara kore. Ba zan ɓoye muku ba, da farko abin ya yi daɗi. Kifi ya yi ƙiba, taru yana fitowa da kyar, hayaƙin banda ya rufe gari, maroƙa suka sa Cikaƙara a waƙa. Ni kuwa ba wanda ya zage ni, ina ma sun zaga. Duk wanda ya kama babban kifi sai ya aiko mini da shi, a ce a kai wa mai randa ya ɗanɗana. Cikaƙara yana wucewa ta ƙofar gidan tsohuwarsa safe da yamma, yana tafiya a hankali, ko za a ɗaga labule. Ba a ɗaga ba.

A cikin gida kuwa Malama ta ɗiga ruwan a kan dutse ta ce in duba. Garin da na sani babu shi. Ƙananan 'yan kore sun ɓace, sai sarƙoƙin ƙatti masu ƙaya sun cika ko'ina, 'yan tsalle ɗaya biyu suna karo da su suna ja da baya. Ta karɓi madubin ta naɗe shi a tsumma.

Koren ya yi kauri har ludayi yana iya tsayawa, sannan ya koma ruwan ƙasa, ya fara nutsewa. Iska ta ɗauke, rana ta buɗe. Wata safiya ihun mata ya tashe ni. Na fita na ga Ƙwarya ta cika da bakunan kifi, duk sun taso sama suna haki, kaguwa na fitowa tudu suna hawa kan junansu. Kafin azahar bakunan sun daina motsi. Fararen cikunan kifi ne a kife tun daga nan har inda ido ya ƙare, murjanin da ke ƙasa kuma yauƙi ya lulluɓe shi. Warin randar lungu ne ya tashi, amma yanzu ba murfin da za a mayar.

Me kuke zaton suka ce? “Ikon Allah.” Haka suka riƙa faɗa wa juna, suna girgiza kai. Na ce musu ku ji tsoron Allah, da hannunku kuka juye, na ga kwandunan a kanku! Suka dube ni da tausayi, wani dattijo ya ce zafin rana ne ya taɓa baƙo. Cikaƙara ya zo yana tafe kamar wanda aka yi wa duka, suka tare shi da “Sannu da ƙoƙari, ka yi iyakar yinka.” Ba wanda ya buɗe baki ya gaya masa gaskiya.

Ƙoƙo kaɗai ya tsira, saboda katangar nan ta murjani. Ruwansa yana nan garau, ɗan kifin da ya samu ya tsallaka ya taru a ciki. Malama ta duba ɗigonsa ta ce talakawanta suna nan da ransu, su ne irin da za a mayar wa Ƙwarya in teku ta wanke ta. In su ma suka tafi, sai dai gari ya tashi.

Shi kuwa Cikaƙara ya leƙa Ƙoƙo ya ga kifi a cunkushe, sai ya fahimci abin yadda ya saba fahimtar komai. Ya tara mutane ya ce takin ne ya ƙare wa Ƙwarya, yunwa ta dawo ta kashe kifin, laifinsa ne da bai kawo isasshe ba. Saura jirgi ɗaya da bai juye ba. In teku ta cika da hantsi zai shigar da shi Ƙoƙo, kada waɗannan ma su mutu da yunwa. Yana faɗa yana share ido, don har ransa yake nufin alheri. Na dubi Sarkin Ruwa. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya saka.”

Zuciya ta ɗebe ni. Na ja wani kwalekwale na gicciya shi a ƙofar Ƙoƙo, na cusa kansa da gindinsa cikin murjani, na zauna a ciki na ce sai dai a bi ta kaina. Ba a bi ta kaina ba. Matuƙan Cikaƙara suka shigo ruwa, suka yi mini sallama, suka ɗaga ni tare da kwalekwalen suka dire a tudu ƙarƙashin inuwa. Wani ya shimfiɗa mini tabarma, wani ya miƙo goro. Ban taɓa jin wulaƙanci mai ladabi irin wannan ba, na zauna ina kuka don haushi.

Teku ta cika. Jirgin ya doshi ƙofar, Cikaƙara a tsaye kan tulin farin kaya, masu kwanduna sun shirya. Gari duk yana bakin ruwa, ƙafafu cikin mataccen kifi har idon sawu.

Sai na ga taro yana darewa. Malama Kyallu ce, ba takalmi, tana taka kifin nan tana zamewa tana tashi. Ta kama katangar murjani ta hau, yana yanka mata tafin hannu, ta tsaya daidai kan ƙofar. Ta kama mayafinta ta janye shi daga fuska.

“Haladu!”

Duk motsi ya tsaya. Matuƙa suka bar sandunansu a cikin ruwa.

“Haladu, kai nake kira. Ɗago ka dube ni.” Har bayan taro ana jin muryarta. “Abincinka ne ya kashe Ƙwarya, ba yunwa ba. Na sani tun ranar da ka iso, na yi shiru. Ka juya da jirgin nan. Ba na so.”

Ƙaton nan ya dube ta, ita ma ta dube shi, ba ta kau da ido ba. Sai ya zauna daɓas a kan takin.

Ya ce, “Inna, sake faɗa.”

Ta ce, “Na ce ba na so.”

Ya ce, “Ba shi ba. Na farkon.”

Ta buɗe baki ta rufe. Sannan a hankali, yadda sai mu na kusa muka ji, ta ce, “Haladu.”

Ya kifa fuska a tafin hannu, kafaɗunsa na girgiza. Bai ɗago ba ya yi wa matuƙa nuni, jirgin ya fara ja da baya.

Na juya don in ga murnar mutanen da aka ceto wa abinci. Wallahi da ban juya ba. Suna tsaye cikin ruɓa, ƙuda na bin fuskarsu, amma ba hanci suka toshe ba, baki suka rufe. Wata tsohuwa ta ce, “Innalillahi! Sunan ɗan fari, gatsal, a bainar jama'a!” Wata ta ce karatu ne ya cinye mata kunya. Wani ya ce da ma ya daɗe yana zargin randunan nan. Sarkin Ruwa Makau, wanda ya san gaskiya fiye da kowa, ya gyara rigarsa ya juya mata baya, jama'a suka bi shi. Ni da ɗanta muka sauko da ita daga kan katanga, jini na zuba a hannunta.

Daga ranar ba wanda ya ƙara tube takalmi a ƙofarta. In ta fito, mata su shige gida. Mutuwar Ƙwarya sun yafe wa kowa, har kansu, amma kalma ɗayar nan ba su yafe ba. Suna cin ɗan kifin Ƙoƙo da bakinta ya tsare musu, suna tauna suna zancen rashin kunyarta.

Na zauna har warin ya fara raguwa. Teku tana shiga tana fita, tana ɗebe baƙin ruwan kaɗan-kaɗan. Kowace safiya Malama ta je Ƙoƙo ta cika tulu, Haladu ya ɗauka, su zaga su juye a Ƙwarya don iri. Ya sallami jiragensa, ya rame, ba ya ce wa kowa ci ka ƙara. Na tambaye ta yaushe Ƙwarya za ta dawo. Ta ce 'yan kore ba sa daɗewa, kifi ya fi su jinkiri, murjani kuwa ba ita za ta gani ba, wataƙila ba shi ba ma.

A nan hikayar Ƙwarya ta tsaya, abin da na ƙara Allah ya yafe, abin da na rage ku cika da hankalinku. Saura magana ɗaya. Ranar da zan tafi ta rako ni bakin ruwa, ita kaɗai, ɗanta yana can nesa da tulu a kafaɗa. Haushin mutanen garin bai sake ni ba, na ce, “Malama, dubi yadda suka yi miki. Kin yi nadamar kiran sunan nan?”

Ta dubi ruwan da har yanzu ba a ganin ƙasansa.

Ta ce, “Ina yi kullum, Nomau. Da na kira shi tun yana goye a bayana, da kifin nan suna raye.”